Filin Tambaya da Amsa: Dodon Sararin Samaniya da Gardamar Kashi na Biyu

Wasiƙun da suka shigo wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ne ga jerin finafinan nan na Amurka masu suna Alien, waɗanda suka haɗa ƙagen kimiyya da ban tsoro, musamman ga gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu fifita na farko da masu fifita waɗanda suka biyo bayansa. Na tsamo shida daga ciki, na taƙaita waɗanda suka yi tsawo. Ina jan kunnen wanda bai riga ya kalla ba cewa babu yadda za a yi a amsa waɗannan tambayoyi ba tare da an tona asirin labarin ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni da abokaina mun kalli Alien na 1979 da Aliens na 1986 a dare biyu a jere, kuma tun daga ranar muka rabu gida biyu. Wasu suna cewa na biyun ya fi ta kowace fuska, domin babu inda mutum zai yi gyangyaɗi a cikinsa. Ni kuwa gani nake yi ya ɗauki abin tsoro ya mayar da shi fim ɗin yaƙi. Shin waɗanda aka yi fim ɗin a ƙasarsu sun yi irin wannan saɓani, ko kuwa mu ne ba mu gane ba? Kuma wa ke da gaskiya a cikinmu?
Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kun gane sarai, kuma gardamar da kuke yi ta girme ku, domin an doshi shekara 40 ana yin ta a Amurka da Turai ba tare da wani ɓangare ya saduda ba. Kafin in faɗi inda na karkata, ya kamata a fara lura da wani bambanci. Mu nan mun saba da fim na ɗaya da na biyu a matsayin labari guda da aka datse a tsakiya, wanda darakta ɗaya ya ɗauka a lokaci ɗaya da 'yan wasa iri ɗaya. Waɗannan biyun kuwa shekara 7 ce a tsakaninsu, kuma hannu daban-daban ne suka yi su. Ridley Scott, ɗan Ingila, shi ya ba da umarnin na farko a kan labarin da Dan O'Bannon ya rubuta, sannan James Cameron, ɗan Kanada, wanda bai daɗe da yin suna da fim ɗin The Terminator na 1984 ba, ya rubuta na biyu ya kuma ba da umarninsa. Saboda haka duk wanda ya zauna kallon na biyu yana jiran a ci gaba daga inda aka tsaya da irin tafiyar da aka saba, ya riga ya shirya wa kansa ɓacin rai.

A na farko mutum bakwai ne a cikin wani ƙaton kumbon dakon kaya mai suna Nostromo. Ma'aikata ne masu ƙorafin albashi da alawus, babu soja ko jarumi a cikinsu. Wata sigina ta sa suka sauka a wata ƙaramar duniya, wani abu ya fito daga cikin ƙwai ya manne wa ɗayansu a fuska, daga baya ya sake shi kamar babu abin da ya faru, har sai da suka zauna cin abinci ana raha, sannan abin da aka dasa masa a ciki ya fasa ƙirjinsa ya fito. An ruwaito cewa 'yan wasan da ke kewaye da teburin sun san abin da zai faru a dunƙule, amma ba a gaya musu yawan jinin da zai fantsama ba, shi ya sa razanar da ke fuskar Veronica Cartwright a wurin ta gaske ce. Daga nan kuma Scott ya ɓoye dodon. Sai dai a ga haƙora a cikin duhu, ko jela ta gilma, ko wani abu da ka ɗauka bututun ƙarfe ne ya motsa. Mai kallo bai san girmansa ba, bai san abin da yake so ba, bai kuma san ko yana da hankali ba.

A nan ne matsalar kowane kashi na biyu na fim ɗin tsoro take. Tsoro da rashin sani yake rayuwa, kamar yaron da aka aika ya ɗauko abu a ɗaki mai duhu, wanda da zarar an haska masa fitila sai ya ga ashe rigar da aka rataye ce. Wanda ya shiga kallon na biyu a 1986 ya riga ya san ƙwan, ya san abin da ke manne wa fuska, ya san jinin dodon kamar ruwan batir yake, yana narkar da ƙarfe. Ba za a iya sake sayar masa da mamakin da ya riga ya saya ba. Cameron ya fahimci haka, sai ya bar wa Scott filinsa ya buɗe nasa. Harafi ɗaya tak ya ƙara a kan sunan fim ɗin, wanda ya mayar da tilo ya koma jam'i, kuma wannan harafin ya ƙunshi dukkan dabararsa. An tsinci Ripley, wadda ita kaɗai ta tsira tare da kyanwar kumbon, bayan ta shafe shekara 57 tana barci a cikin akwatin sanyi. Kamfanin da take yi wa aiki ya ƙi gaskata labarinta, alhali ya riga ya zaunar da iyalai a waccan duniyar. Da aka daina jin ɗuriyarsu, sai aka tura ta tare da rundunar sojoji masu cika baki da manyan bindigogi.

Inda nake ganin ka ɗan rage wa na biyun mudu shi ne cewar da ka yi fim ɗin yaƙi ne kawai. Ka sake dubawa, za ka ga an kusa cin awa guda kafin a ga dodo ko ɗaya, kuma da aka zo arangamar farko sai da aka karɓe harsasan sojojin, domin suna ƙarƙashin na'urar sanyaya tashar makamashi ne, inda harbi ɗaya zai iya tayar da wurin baki ɗaya. Ka tuna kuma lokacin da suka toshe ƙofofi suka tsaya suna kallon na'urar gano motsi, tazarar tana ta raguwa har lissafi ya nuna abokan gaba sun shigo cikin ɗakin, ga ƙofa kuwa a garƙame. Sai kowa ya ɗaga kai a hankali ya dubi rufi, wani soja mai suna Hicks ya taka ya ɗaga murfin silin ya leƙa da tocila, ya gan su suna rarrafowa a kife. Wannan tsoro ne na gaske, sai dai irinsa daban ne: tsoron wanda ya san abin da ke zuwa, ya ƙirga harsasansa, ya ga ba za su isa ba. Cameron da kansa ya danganta labarin da yaƙin Biyetnam, inda sojoji masu kayan yaƙi na zamani suka sha kashi a hannun waɗanda suka raina.

Amma ƙorafinka yana da tushe, kuma shi ne babban abin da masu ra'ayinka suke riƙe da shi har yau. Dodon da a 1979 ya gagari kowa, a 1986 ya zama abin da ake harbewa da yawa a lokaci guda, har mota tana take shi. Bugu da ƙari Cameron ya amsa tambayar da Scott ya bari a buɗe, ya nuna cewa sarauniya ce ke saka ƙwayayen, sauran kuma ma'aikatanta ne, tamkar gara a cikin suri. Da ma salon haihuwar dodon ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa fasa gidan zanzaro a jikin bango ya tarar da tsutsa ko gizo-gizo a sandare: zanzaro ya harbe su ne ya kashe musu jiki ba tare da ya kashe su ba, ya saka ƙwansa ya liƙe da laka, domin ɗansa ya ƙyanƙyashe ya tarar da abinci da ransa. Na farko ya bar wannan kamanceceniya a matsayin abin da mai kallo zai ji a jikinsa, na biyu kuwa ya fito da ita fili, kuma abin da aka iya kwatantawa da ƙwaro ya rage kwarjini ko da ya kai girman gida.

Ra'ayina shi ne na farko ya fi ban tsoro, kuma shi nake komawa in kalla ni kaɗai. Amma ban san wani kashi na biyu a wannan fanni da ya kai Aliens ba, kuma dalilin shi ne Ripley. A na farko ma'aikaciya ce mai bin doka wadda ta ƙi buɗe ƙofa ga wanda ya ɗauko cuta, aka ƙi jin maganarta. A na biyu an ba ta abin da za ta yi asara, wato yarinyar nan Newt da aka tsinta ita kaɗai a cikin bututun iska, ta yadda faɗan ƙarshe ya zama na uwa biyu, kowace tana kare nata. Wannan ne ya sa aka saka sunan Sigourney Weaver, wadda ta fito a matsayin Ripley, cikin masu takarar lambar Oscar ta gwarzuwar 'yar wasa, abin da ba a saba yi wa irin waɗannan finafinai ba. Fim ɗin ya shiga takara a rukuni 7, ya ci 2. Idan kuna da hali ku nemi dogon zubin mai minti 154 maimakon mai minti 137 da aka nuna a silima, domin a cikinsa ne aka nuna cewa Ripley tana da 'ya wadda ta tsufa ta mutu yayin da uwar take barci, kuma wannan ɗan guntun ya sauya ma'anar duk abin da ya biyo baya.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na kalli na uku, kuma tun kafin a gama rubutun sunaye raina ya ɓaci, domin an kashe yarinyar da sojan da aka sha wahalar ceto a na biyu. Na kashe kallon ban ƙarasa ba. Shin ni kaɗai ce na ji haka?
Daga wata malamar makaranta a Maraɗi.

AMSA: Malama, kina da abokan fushi masu yawa, kuma a cikinsu har da Cameron da Michael Biehn wanda ya fito a matsayin Hicks, domin dukansu sun bayyana rashin jin daɗinsu a fili. Mai kallo ya zauna sama da awa biyu yana fargabar abin da zai sami Newt, ya ga an ceto ta, ya koma gida da kwanciyar hankali, sai bayan shekara 6 a gaya masa cikin 'yan mintoci cewa ta mutu tana barci. Mutane da dama sun ɗauki wannan a matsayin an ci amanarsu, kuma daga wannan lokaci duk abin da fim ɗin ya zo da shi da ido ɗaya suka kalle shi.

Akwai kuma abin da ya faru a bayan fage. An yi ta sauya marubuta da daraktoci, har an taɓa tsara labarin a kan wata duniya ta katako da wasu masu ibada suka keɓe kansu a ciki, kafin a watsar a mayar da shi gidan yari. An miƙa aikin ga David Fincher, wanda bai kai shekara 30 ba kuma bai taɓa yin dogon fim ba, aka fara ɗauka alhali rubutun bai kammala ba, manyan kamfani kuma suna tsaye a kansa. Shi da kansa ya nesanta kansa daga fim ɗin daga baya. Wani tallan farko da aka fitar ma ya nuna kamar dodon zai sauko duniyarmu ne, sai ga mutane sun tarar da fursunoni masu aski ƙwal a wata masana'antar narkar da dalma, babu bindiga ko ɗaya, dodo kuma guda ɗaya. Wanda aka yi wa alkawarin tuwo da miyar nama aka miƙo masa kunun kanwa, ko kunun ya yi daɗi ba zai yaba ba.

Duk da haka ina ba ki shawara ki ƙarasa. Fim ne a kan mace da ta rasa kowa, ta kuma gano cewa abin da take gudu yana cikin jikinta, sannan ta zaɓi ta faɗa cikin wuta da ta miƙa shi ga kamfani. A 2003 an fitar da wani zubi da aka sake harhaɗawa, wanda ya fi na silima tsawo da kusan rabin awa, ya ba fursunonin damar zama mutane masu suna da hali, kuma tun daga lokacin masu kare fim ɗin suke ƙaruwa. Ban ce ya kai biyun farko ba, kuma har yanzu ina ganin kashe yarinyar ta wannan hanya ragwanci ne na marubuta.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina yawan ganin maki iri-iri da ake ba fim a intanet, wani na masu sharhi, wani na masu kallo, kuma sau da yawa ba sa daidaita. Wanne ne abin dogaro?
Daga wani mai sana'ar tura finafinai a waya, Kano.

AMSA: Kowane ɗaya da abin da yake aunawa, kuma kuskuren da ake yi shi ne a ɗauke su duka a matsayin sikeli guda. Kason da shafin Rotten Tomatoes yake nunawa na masu sharhi yana faɗin mutum nawa ne cikin ɗari suka ce fim ɗin ya yi, ba tare da la'akari da zurfin yabon ba, ta yadda fim ɗin da kowa ya ce ba laifi zai iya zarce wanda rabi suka haukace a kansa rabi suka tsane shi. Makin shafin IMDb kuwa daga 1 zuwa 10 ne, duk mai rajista yana iya jefawa, ko ya kalla ko bai kalla ba, kuma waɗanda suka fi ɗaukar wahalar jefawa su ne masu tsananin so da masu tsananin fushi.

Wanda ya fi dacewa da tambayarka shi ne CinemaScore, wani kamfani a Amurka da yake raba wa mutane kati a ƙofar silima a daren farko, su ba fim maki daga A zuwa F. Aliens ya sami A, na uku ya sami C. Sai dai ka tuna su waye suke zuwa daren farko: waɗanda talla ta jawo da waɗanda suka ƙaunaci na baya. Abin da katin yake nunawa shi ne ko an ba su abin da suka zo nema, kuma a kashi na biyu ko na uku kowa da bashin da ya zo karɓa. An kuma lura cewa finafinan tsoro sukan sami maki ƙasa da na sauran, wataƙila domin wanda aka tayar wa hankali ba ya fitowa da fara'a ko da aikin ya yi kyau. Lokaci ma yana sauya hukunci. Fim ɗin The Thing na John Carpenter ya sha suka a 1982, bai kuma yi kasuwa ba, amma yau ana lissafa shi cikin gwanayen wannan fanni. Tunda sana'arka ke nan, na tabbata ka fi kowane maki sanin abokan cinikinka, kuma tambayar da kake yi musu ta wane fim suka ji daɗinsa a baya ta fi waɗannan alƙaluma amfani.

TAMBAYA: Malam, na kalli sabon da ya fito mai suna Alien: Romulus, na kuma ji daɗinsa ƙwarai, amma yayana da ya san tsofaffin ya ce kwaikwayo ne kawai. Me ya sa muka ga abu ɗaya muka fito da magana biyu?
Daga wata ɗaliba a Kaduna.

AMSA: Domin ba abu ɗaya kuka gani ba, 'yar'uwa. Fim ɗin ya fito ne a watan Agusta na 2024, Fede Álvarez ɗan ƙasar Yurugai ya ba da umarninsa, kuma an dasa labarinsa a tsakanin na 1979 da na 1986. Ke kin ga wasu matasa 'yan ƙwadago a wata duniyar haƙar ma'adinai da rana ba ta fitowa, waɗanda kamfani ya ɗaure da kwangilar da ba ta ƙarewa, suka shiga wata tashar sama da aka yi watsi da ita domin su sato abin da zai fitar da su. Shi kuma yayanki a kowane lungu yana ganin abin da ya riga ya sani, tun daga siffar bindiga har zuwa maganganun da aka ɗauko sukutum daga bakin 'yan wasan baya. Babbar maganar da Ripley ta jefa wa sarauniya a 1986 an sake saka ta a bakin wani da ba shi da dalilin faɗinta, kuma a nan ne da yawa daga tsofaffin masu kallo suka yi tsaki, wasu kuma suka yi tafi.

Abin da ya fi jawo ce-ce-ku-ce shi ne dawo da fuskar Ian Holm, wanda ya fito a matsayin saƙago mai siffar mutum a na farko, ya kuma rasu a 2020. An yi amfani da mutum-mutumi da kwamfuta aka ƙera kamanninsa da muryarsa bayan an nemi yardar iyalinsa. Wasu sun ce bai dace a tayar da mamaci a sa shi aikin da bai sani ba, wasu kuma ƙorafinsu shi ne fuskar ba ta yi kyau ba, kuma daraktan ya amince da wannan na biyun, har aka gyara ta kafin a fitar da zubin kallon gida.

Kasuwa dai ta bi bayanki, domin fim ɗin ya tara kimanin dala miliyan 350 a duniya a kan jarin kimanin miliyan 80, kuma kaso mai tsoka ya fito ne daga ƙasar Sin. Akwai dalilin da ya sa aka bi wannan hanya. Scott ya dawo a 2012 da Prometheus da kuma Alien: Covenant a 2017, inda ya karkata ga tambayoyin asalin ɗan Adam da asalin dodon, masu kallo da yawa suka ce ba abin da suka aike shi ke nan ba. Sai kamfani ya koma ga tsohuwar zuma. Ni inda fim ɗin ya burge ni shi ne inda ya tsaya da ƙafarsa: dangantakar jarumar labarin, Rain, da Andy, saƙagon da ta ɗauka ɗan'uwa, wanda David Jonsson ya taka da gwaninta, da kuma wurin da aka kashe na'urar da ke riƙe nauyi aka harbe dodannin, jininsu mai narkar da ƙarfe ya rinƙa shawagi a iska, dole a ratsa ta tsakiyarsa ba tare da an taɓa ko ɗigo ba. Wannan sabon tunani ne da aka fitar daga tsohuwar doka, kuma da an yi irinsa sau biyar da yayanki bai sami abin faɗi ba.

TAMBAYA: Malam, 'ya'yana masu shekara 11 da 13 sun dame ni in bar su su kalli waɗannan finafinai. Sun dace da su?
Daga wata uwa a Jos.

AMSA: Ba su dace ba, Hajiya. Duk waɗanda na ambata a sama an ba su tambarin R a Amurka, wanda ke nufin ba a barin wanda bai kai shekara 17 ba ya shiga silima sai da babba. Akwai jini da fasa jiki, akwai ashar mai yawa musamman a bakin sojojin na biyu da fursunonin na uku, kuma a na biyun yarinya ƙarama ce ake farauta, abin da yakan tsaya wa yara a rai fiye da yadda manya suke zato. Ki duba wayoyinsu ma, domin ba lallai ne sai sun jira izini ba.

TAMBAYA: Malam, wani ya ce mini ɗan Najeriya ne ya fito a matsayin dodon. Gaskiya ne? Kuma ya fito a na biyun?
Daga wani mai karatu a Kumasi.

AMSA: Gaskiya ne. Sunansa Bolaji Badejo, haifaffen Legas a 1953, kuma yana karatun zane ne a Landan lokacin da ɗaya daga cikin masu neman 'yan wasa ya gan shi a wani wurin shaƙatawa. Tsawonsa ƙafa 6 da inci 10 ne, ga shi siriri mai dogayen gaɓoɓi, daidai abin da Scott yake nema domin kada mai kallo ya gane cewa mutum ne a cikin riga. H. R. Giger, mai zane ɗan ƙasar Suwizalan, shi ya ƙirƙiro siffar dodon, a kan jikin Badejo kuwa aka auna rigar, aka kuma tura shi ya koyi motsa jiki a hankali irin na masu wasan bebe. Wasu wurare masu haɗari wani ɗan wasan kasada mai suna Eddie Powell ne ya yi su.

Bai fito a na biyu ba, kuma wannan yana da alaƙa da gardamar da muka fara da ita. Cameron yana buƙatar dodanni masu sauri da tsalle da bin bango, don haka ya sa aka sauƙaƙa rigunan aka ba masu rawa da 'yan wasan tsalle-tsalle. Lokacin da masu son na farko suke cewa dodon 1979 ya fi kwarjini, wani ɓangare na abin da suke yabo shi ne yadda Badejo yake miƙewa sannu a hankali kamar wanda ba ya gaggawar komai, musamman a ƙarshen fim ɗin, inda Ripley ta shiga ƙaramin kumbo tana zaton ta tsira, sai hannu ya zaro daga cikin bututun bango inda ya naɗe yana kwance. Álvarez ya bi wannan sawu a 2024, ya nemo wani ɗan wasan ƙwallon kwando daga Romaniya mai suna Robert Bobroczkyi, wanda ya fi Badejo tsawo, ya sa shi ya fito a matsayin halittar ƙarshe.

Badejo bai sake yin wani fim ba. Ya dawo gida a 1980, daga baya ya buɗe gidan baje kolin zane-zane a Legas, kuma ciwon sikila ya yi ajalinsa a watan Disamba na 1992 yana da shekara 39, 'yan watanni bayan fitowar kashi na uku.